Shagon Tjanpi da ke Alice Springs: Saƙar Ciyawa Mai Ɗauke da Labari

A garin Alice Springs da ke tsakiyar Ostareliya akwai shagon Tjanpi Desert Weavers, wanda ke sayar da saƙar ciyawa ta matan Aborijin, 'yan asalin ƙasar, kuma yana karɓar ciniki ta intanet daga wanda bai samu zuwa ba. Majalisar mata ta NPY, wato ƙungiyar matan Aborijin na yankunan Ngaanyatjarra, Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, ce ta kafa shirin saƙar a 1995, kuma a yau mata fiye da 400 ne ke yi masa saƙa daga ƙauyuka 26 da ke warwatse cikin hamada. Ma'aikatan shirin suna bin ƙauyukan da mota, su kai zaren ulu da zaren tukurwa rinanne, sannan su sayi abin da aka gama, ta yadda mace za ta ci guminta ba tare da ta bar ƙasar kakanninta ba.

Kwandunan da ke shagon suna da kyau, amma wanda ya tashi yana ganin faifai a gida ba zai yi mamakinsu ba, domin dunƙulen ciyawa ne ake naɗewa ana ɗinkewa zagaye bayan zagaye. Inda gwanintar take shi ne siffofin dabbobi: karnuka, raƙuma, damo da tsuntsaye. Idan ka ɗauki kare ɗaya a hannu, za ka ji ba shi da nauyi, ka ga busasshiyar ciyawa tana leƙowa ta tsakanin jan zare da rawaya, ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran tsawo, kunne ɗaya ya kwanta, bakin kuwa a buɗe kamar ya hango mai shi. Mai neman kaya sumul irin na inji zai ce aikin bai ƙaru ba, ni kuwa a ganina wannan karkacewar ce ta sa kowace dabba take da halinta.

Manyan ayyukan matan labari suke bayarwa. A 2005 wasu mata daga ƙauyen Papulankutja suka saƙa mota ƙirar Toyota da ciyawa, irin motar da ke kai su daji yankan ciyawar, kuma ita ce ta lashe babbar kyautar fasahar Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, wadda ake bayarwa a birnin Darwin tun 1984, kuma kamfanin sadarwa na Telstra yake ɗaukar nauyinta. Kafin nan da yawa suna ɗaukar saƙa a matsayin sana'ar hannu da ba ta kai zanen fenti daraja ba, sai ga ciyawa ta shiga gaban fenti a gasar da ta fi kowace suna a wannan fage. A 2015 dabbobinsu sun isa baje kolin fasaha na duniya da ake yi a birnin Venis na Italiya tare da aikin Fiona Hall, wata mai fasaha 'yar Ostareliya, a 2017 kuma gidan tarihin ƙasa da ke Kanbera ya nuna siffofinsu na 'yan'uwa mata bakwai da wani mutum ya yi ta bi har suka zama taurari, waɗanda mu muke kira kaza da 'ya'yanta.

Wannan suna da suka yi yana bayyana a farashi, kuma idan aka haɗa da kuɗin aikowa daga Ostareliya, abin zai yi wa aljihun mai naira nauyi. Kowane aiki guda ɗaya tak ne, saboda haka wanda ya ga abin da ya kwanta masa a rai kada ya yi jinkiri. Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya bar kwando ya sayi ƙaramar dabba, ya ajiye ta nesa da rana da danshi, domin rana tana cin launin zaren, danshi kuma yana ruɓar da ciyawa.