Kifinsu da daɗi, amma sun karɓi kuɗinmu sun ba wasu teburin

Raina bai gama hucewa ba game da abin da wani gidan gashin kifi da ke Wuse 2 ya yi mana a hutun Babbar Sallah, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai tsira daga irin kunyar da na sha. Ba zan kama suna ba, domin akwai yaran da ke aiki a wurin waɗanda ba su da laifin komai, kuma na san idan magana ta tashi a kansu za ta ƙare.

Sallar ta shekarar 2025 ta faɗo ranar Juma'a 6 ga Yuni, gwamnati kuma ta ba da hutun Juma'ar da Litinin 9 ga wata, aka samu dogon hutu. Ba mu tafi gida ba, saboda Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo ganin likita kan ciwon gwiwa, sai ta yi sallah tare da mu a Kubwa. Na san halin gidanmu, kafin Lahadi nama zai ginshi kowa: kayan ciki ran sallah, suya washegari, ga farfesun kai da ƙafa, yara ma sukan fara kawar da kai idan an buɗe tukunya. Don haka tun kafin sallar ni da aminiyata muka shirya cewa ranar Lahadi za mu haɗa iyalanmu mu fita cin kifi. Da ƙanin maigida da matarsa da yara, mun kai mutum 13.

Da mu kaɗai ne, da kasuwar Mami ta barikin Mogadishu za mu nufa, kowa ya san kifin can. To amma cunkoso da hayaƙin gawayi ba na dattijuwa mai dogara sanda ba ne. Wuri nake so mai tsabta, mai sanyi, inda za ta zauna a natse. Tun Laraba na kira wannan gidan. Suka ce ranar hutu ba sa ajiye tebur sai da kafin alƙalami, na tura nan take. Na faɗa na maimaita cewa akwai tsohuwa da ba ta iya hawa bene. Suka turo min saƙo ta WhatsApp: tebur a ƙasa, daga ciki, ƙarfe 5 na yamma. Saƙon yana nan a wayata har yanzu.

Wanda ya taɓa yin sallah a Abuja ya san yadda garin ke zama wayam, kowa ya tafi Kano, Kaduna, Sakkwato. Titin Kubwa da muke rarrafe a kansa kullum da safe, ran nan ba abin da ya tsayar da mu, har muka isa da sauran lokaci. Sai dai 'yan kaɗan ɗin da suka rage a gari, kamar an yi musu shela, duk sun fito: wasu bakin tafkin Jabi, wasu Millennium Park, sauran kuma gidajen abinci. Wurin ajiye mota ma da ƙyar muka samu.

Mai karɓar baƙi ya duba littafinsa, ya ga sunana, ya kalli ciki, ya sake kallon littafin, sai ya ce mu ɗan jira. Ni ma na leƙa. Dogon tebur guda ɗaya ne a ƙasa wanda zai ɗauke mu, kuma ga mutane a kansa sun baje, har an kawo musu abin sha. Wata 'yar takarda da aka rubuta sunana a jiki tana gefe, an ɗora mata kwalbar ruwa. Da idona na gani.

Can sai ga manaja yana murza hannu. "Hajiya, a yi haƙuri, wasu manyan baƙi ne suka zo mana ba zato. Akwai wuri mai kyau a sama."

Na ce, "Malam, a sama? Ba ni na gaya muku akwai mai ciwon ƙafa ba? Ga saƙonku nan."

Ya karɓi wayar ya karanta, ya miƙo min, ya sake cewa a yi haƙuri. Bai ce an yi kuskure ba, bai ce zai tashe su ba, bai ce ga abin da za su yi mana a madadi ba. Haƙurin kawai yake ta nanatawa, idonsa na kan ƙofa yana duba masu shigowa. Duk wannan abin Hajiya na tsaye a bayana, ta jingina da bango, hannu ɗaya a kan sanda ɗaya a kafaɗar jikarta. Ma'aikata na ta giftawa da faranti, ba wanda ya ce ga kujera. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai, ya fi batun teburin ma. Ni na gayyato mutane, ni na ce mata wuri ne mai kyau, ta sa sabon leshinta na sallah ta fito, aka bar ta tsaye a bakin ƙofa. Ƙanin maigida ya fara ɗaga murya, sai ta ce, "Kai, bari. Ba faɗa muka zo yi ba, ku samo mana inda za mu zauna kawai."

Ni ban ƙi a karrama babban mutum ba, kasuwa ce, kuma Abuja ce, mun san yadda ake yi. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Idan sun san wanda ya fi mu zai iya zuwa su ɗauke wurin, to me ya sa suka karɓi kuɗina? Ko kira ɗaya da sun yi min da rana, da mun canza shawara tun muna gida.

A ƙarshe waje aka kai mu, ƙarƙashin rumfa, aka haɗa ƙananan tebura uku waɗanda tsayinsu ma bai zo ɗaya ba. Watan Yuni ne, damina ta kankama, ga hadari ya haɗo ta gabas. Maza suka je wurin kwatamin ruwa suka nuna tarwaɗar da suke so, aka auna a gabansu, muka ƙara da karfasa saboda yara da Hajiya, ita ba ta son santsin tarwaɗa. Aka ce minti 40.

Na san babbar tarwaɗa ba ta gasuwa da gaggawa. Sai an yanka, an wanke santsin da ruwan zafi, an tsattsaga, an cusa kayan yaji, an naɗe, sannan a bar ta kan garwashi ta dahu har ciki. Da sun ce awa ɗaya da rabi tun farko, ba wanda zai yi ƙorafi. Amma muka yi Magariba a wurin, aka kira Isha'i, ba kifi ba labarinsa. Abin da na lura da shi, daga inda nake zaune ina hango ƙofar kicin, masu babur na kai saƙo sai shiga suke suna fitowa da ledoji. Wato ga na ciki, ga na sama, ga mu a waje, ga kuma masu oda ta waya, duk a kan murhun da bai fi ƙarfin rabinmu ba. Sun karɓi abin da ya fi ƙarfinsu, shi ke nan. Yara suka cika ciki da zoɓo da soyayyen dankali, ƙaramin ya yi barci a cinyar uwarsa.

Sai ruwa ya sauko da iska, feshi yana shigowa ta gefen da Hajiya take. A nan ne wata yarinya cikin masu kawo abinci, daga jin Hausarta 'yar Filato ce, ta zo da gudu ba wanda ya kira ta. Ta ce, "Mama, sannu, bari in matsar da ke." Ta ja kujerar zuwa tsakiya, ta saki labulen roba na gefen rumfar, ta goge teburin, ta je ta kawo wa Hajiya shayi mai zafi da citta, ta kuma kawo wani ɗan benci ta ce ta ɗora ƙafar a kai. Ita ce ta riƙa zirga-zirga kicin tana bin kifinmu har ya fito. Allah ya yi mata albarka, ita kaɗai ce ta ɗauke mu mutane a gidan.

Kifin kuwa, gaskiya ɗaya ce, ya yi daɗi. Da aka buɗe takardar tururi ya tashi da ƙamshin citta da tafarnuwa da attaruhu, yajin ya ratsa har ƙashi, ba ƙarni ko kaɗan, tsokar na rabuwa da kanta. Karfasar an gasa ta fatar ta yi ƙurus, cikin bai bushe ba. Soyayyar agada da doyar ma da zafinsu suka zo. Hajiya da ba ta cika cin abincin waje ba sai da ta ce a ƙara mata ɓangaren kai. Kowa ya yi shiru yana ci, aka fara hira da dariya, har na ce a raina to, wuya ta wuce, zan iya yafe musu, wataƙila ma in dawo ranar da ba hutu ba.

Takardar kuɗi ce ta dawo min da ɓacin ran sabo. Harajin VAT na kashi 7.5 ba ni da magana a kai, na gwamnati ne, ko'ina ana sawa. Amma a ƙasansa ga kashi 10 na kuɗin hidima. Wace hidima? Ta tsayuwa a bakin ƙofa, ko ta zama cikin feshin ruwa? Maigida ya tambayi yarinyar nan a hankali ko kuɗin na isa hannunsu, ta yi murmushi kawai ta sunkuyar da kai, sai ya ba ta nata daban a hannu. Sannan na duba sama da ƙasa, ba a cire kafin alƙalamin da na tura ba. Na nuna wa mai karɓar kuɗi shaidar turawa, ya ce shi bai ga komai a kwamfutarsa ba, mai kula da asusu kuma ya tafi hutun sallah, mu biya duka, za a mayar min daga baya. Manajan da ya karanta saƙon da idonsa ɗazu aka neme shi aka rasa. Dare ya yi, yara sun gaji, ƙafar Hajiya ta fara kumbura saboda zama, ba mu da zaɓi, muka biya.

Kuɗin sun dawo, amma sai bayan an koma aiki, kuma sai da na yi ta kira kamar mai roƙo. Ba wanda ya haɗa da kalmar ban haƙuri ko ɗaya.

Mai sha'awar kifinsu ya yi oda a kawo masa gida a tsakiyar mako, da alama masu odar waya ma sun fi samun kulawa. Amma ranar hutu, da iyali, musamman idan akwai dattijo ko mara lafiya, ban ba kowa shawara ba, ko da an turo maka saƙo an ce an ajiye maka wuri. Na rubuta musu duk abin da ya faru ta lambar da suka karɓi kuɗina, na ce aƙalla manajan ya kira ya ba Hajiya haƙuri da bakinsa. Alama ta nuna sun karanta, har yau ba su amsa ba.