Buhun PICS: kaka biyu ina ajiyar wake ba fiya-fiya

Ranar da na sayo buhunan nan a kasuwar Maigatari, a cikin tabarma na naɗe su na ɗaure a bayan babur. Ba don ɓarayi ba, don 'yan majalisar ƙofar gidan Baffana ne. A ƙauyenmu na gefen Gumel, kowa fiya-fiya yake yayyafa wa wake kafin ya ɗinke buhu, haka muka taso muka gani. Wanda ya fita zakka kuwa shi ne abin hira har damina.

Malamin gona ne ya fara nuna mana buhun, PICS ake ce masa. Buhu ne mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje, akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi. Ba a zuba wani magani a ciki. Ƙwarin da suka biyo waken daga gona su za su shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su mutu. Duk mun gyaɗa kai a gabansa, yana tafiya aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, alhali a raina na gamsu. Wannan dariyar ta fi komai damuna daga baya.

Da labari ya fasu, Baffa ya sa aka kira ni. "Kai Ɗan'auta, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo ka ɗaura. Leda ce za ta kashe ƙwaro?" Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baffa, buhu uku kawai zan gwada." Ban iya faɗa masa cewa warin maganin ne ya ishe ni a tukunyar gidana ba, kuma saboda irinsa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Aikin yana son natsuwa. Sai wake ya bushe ƙarau. Kowace leda ka cika ta da iska ka matsa, ka ji ko tana yoyo. In ka zuba, ka matse iskar, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa, ka ɗaure kowanne hawa daban. Wata biyar ban taɓa ba, kullum na wuce ɗakin sai gabana ya faɗi. Da bazara na kwance: wake fes, sai matattun ƙwari tsiraru a gindi. Buhu biyu ke nan. Na ukun na jingina shi da bango a ƙasa, ɓera ya huda, ya koma gari. Laifina ne, an ce a ɗora a kan katako.

Tsada kam akwai, ya ninka buhun gama-gari nesa ba kusa ba, kuma mai buɗewa kullum don ɗibar na miya ba nasa ba ne. Amma ledojin bara su na sake amfani da su bana.

Baffa har yau fiya-fiyarsa yake sawa. Irin da ya shuka bana dai tiya biyu ne daga buhuna, ya aiko jikansa da daddare. Na ƙaro buhu shida makon jiya, a buɗe na ɗauro su, na tsaya a majalisa na gaisa da kowa.