Waya ko ƙafa: binciken gidajen haya a Abuja lokacin korona

Lokacin da aka kulle Abuja ran 30 ga Maris 2020 ina tsakiyar bincike kan gidajen haya a Mpape da Nyanya, sai ya zama hanya biyu ce kawai gabana, ko in dinga buga wa mutane waya ko in jira a sassauta in taka da ƙafata.

Waya dai akwai sauƙi, ba kuɗin mota ba tsoron kwaso cuta. Amma wallahi ta ba ni wahala, netwok ya yanke ana tsakiyar magana, wani ya ɗauka ɗan damfara ne ni, wani kuma ya zaci sunan masu karɓar tallafi nake rubutawa sai ya ƙara yawan iyalinsa. Gashi wanda ba shi da waya ko ba wutar caji shi ne ya fi shan wahalar muhalli, kuma shi ne ba zan taɓa samu ba.

Da aka sassauta ran 4 ga Mayu na sa takunkumin fuska na fita. Wata baiwar Allah ta ce min a waya ɗakinsu "ba laifi", da na je na tarar su bakwai ne a ciki ɗaya, bango ya jiƙe har ya yi baƙi, banɗaki ɗaya duk gidan, ruwa sai mai ruwa ya turo kura. Na ce Hajiya wannan ne ba laifin? Ta ce to ɗan nan ya za mu yi.

Ni dai ƙafa na zaɓa, duk da kullum na dawo sai na yi wanka kafin in taɓa yarana.