Kamfanin kagon da ke ɗauko mini kaya daga Guangzhou: abin da na gani a shekara biyu

Kayan kicin na amare nake sayarwa a Kano, tukwane da kuloli da farantan tangaran da filas. Tunda na fara saro kaya ta 1688, manhajar sarin kaya ta ƙasar Sin, mata ke ta tambayata wane kago nake bi, to yau ga amsa a dunƙule. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a cikin maganata. Ofishinsu dai yana Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, suna kuma da sito a Guangzhou da wani ƙarami a Yiwu, duk a ƙasar Sin.

Yadda abin yake, suna ba ki adireshin sitonsu da wata lamba taki ta kanki. Duk mai kayan da kika saya a wurinsa sai ya rubuta lambar a jikin katan ya aika can. A nan na fi yaba musu. Yaron da ke kula da siton Bahaushe ne, karatu ya kai shi Sin ya zauna, yana jin yarensu sosai. Katan bai taɓa kwana biyu a wurinsa ba tare da ya turo mini hotonsa a kan sikeli ba. Akwai lokacin da wani mai kaya ya aiko kuloli kalar ruwan toka maimakon ruwan gwal da na biya, shi ya buɗe ya gani, ya kira mutumin ta WeChat, manhajar hira ta Sin, aka canza su kafin a loda. Da sun iso Kano a haka, wa zan kai wa ƙara?

Kayana na jirgin ruwa ne, ana auna su da girman wurin da suka ci a kwantena, abin da ake kira CBM. Na jirgin sama kilo ake aunawa, kuma tukunya ba ta jure wannan kuɗin, sai dai ƙananan abubuwa irin su cokula idan biki ya matso. Suna cewa kayan jirgin ruwa wata biyu suke yi a hanya. A lodi biyar da na yi da su, mafi sauri kwana 52 ne daga sito zuwa Kano.

Lodin da ba zan manta ba shi ne na Disambar 2023. Katan 14 na haɗa da wuri, saboda na san masana'antun Sin suna rufewa idan sabuwar shekararsu ta zo, ta 2024 kuwa ranar 10 ga Fabrairu ta faɗo. Ga kuma bukukuwan da ake cunkusawa a Sha'aban kafin azumi, amare uku sun riga sun ba ni kafin alƙalami. Kaya na kan ruwa dala ta tashi. Farashin dalar da kwastam ke lissafa kuɗin fito da shi yana ɗari tara da 'yan kai a Disamba, farkon Fabrairu ya haura naira 1,300, kafin ƙarshen watan ya sake hawa. Su kuma kagon da dala suke yanka kuɗinsu, a farashin ranar da za ki karɓi kaya. Abin da na ware bai ko kusa isa ba, sai da na sayar da awarwarona guda biyu na cika.

Ban ɗora musu laifin dala ba. Tun watan Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa kowa ke ɗanɗanawa, ga kuma kuɗin dakon kwantena da ya tashi a duniya bayan hare-haren Bahar Maliya sun rikita zirga-zirgar jirage. Abin da ya ɓata mini rai shirun da suka yi ne. Sati uku ina kira, amsar ɗaya ce: "Hajiya, kaya na Legas, a ƙara haƙuri." Da sun ce mini kwantena ta maƙale kuma lissafi ya canza, da na fara neman kuɗi tun da wuri, na kuma sanar da iyayen amaren. Mai jiran kayan ɗakin 'yarta ba a ce mata haƙuri kawai.

Ƙorafi na biyu, tangaran. Katan biyu sun iso da faranti 23 a farfashe. Sai a lokacin manajan yake gaya mini ai akwai ɗaurin katako da ake yi wa kaya masu fashewa idan an biya ƙari. Me ya hana a faɗa tun farko? Ba su biya ni ko kwabo ba, sai ɗan rangwame a lodi na gaba. Yanzu kowane katan na tangaran sai an ɗaure mini shi, kuma ko ɗaya bai sake fashewa ba.

Su ne kuma ke biya mini masu kaya. Ina tura musu naira, su biya da RMB, wato yuwan, kuɗin Sin, a ranar, da ɗan ribarsu a kai. Na san tun 2018 Najeriya da Sin suka ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 don 'yan kasuwa su rage bi ta dala, amma wannan hanya ta banki ce, ta masu buɗe Form M, takardar shigo da kaya, da sunan kamfaninsu. Mai katan 14 a kwantenar haɗaka irina, hannun kago take bi. Haka tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, ina fatan ranar da kwantenarmu za ta riƙa sauka can, don har yanzu tirela ke jawo kayana daga Legas, kuma a wannan hanyar katan ya fi shan wuya.

Har gobe ina tare da su, don ban taɓa rasa katan ko ɗaya ba, kuma yaron siton nan ya cancanci a riƙe shi. 'Yar'uwa, idan za ki gwada su, ki sa su rubuta miki a takarda da wane farashin dala za a yi lissafi, ki biya ɗaurin katako, kuma kayan Sha'aban ki tabbatar sun bar sito tun Jimada Auwal.