Sharhi Kan Wani Littafin Zane Da Na Saya A Kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis, a kasuwar Maigatari, na ci karo da wani ɗan littafi a shimfiɗar mai sayar da tsofaffin littattafai. Sabon bugu ne na Max und Moritz, labarin wasu hatsabiban yara biyu da Bajamushe Wilhelm Busch ya zana, wanda aka fara bugawa a birnin Munik a 1865. Ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba na ji, amma na saya, domin tun ina tsaye zanen ya sa ni dariya.

A wancan zamani mai zane yakan yi hotonsa a kan guntun katako mai tauri, a juye, kamar yadda masu sassaƙa hatimi suke juya haruffa, sannan wani gwani ya bi da siririn ƙarfe ya ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari, layukan da suka tsira su ne za su ɗauki tawada. Saboda haka kowane gashin kaza da ke shafin sai da aka sassaƙe gefe da gefensa.

Na buɗe wa ɗalibaina 'yan aji huɗu shi a gindin darbejiya, kuma ba su buƙaci tafinta ba. Da kansu suka bi yadda kaji uku da zakara na wata gwauruwa suka haɗiye gutsuren burodi da aka ɗaure da zare har suka rataye a reshe, da yadda yaran suka hau rufi suka zaro soyayyun kajin da ƙugiya ta bututun hayaƙi, kare kuma ya sha dukan laifin da bai aikata ba. Wani yaro ya ce, "Malam, ai waɗannan ƙannen Gizo ne." Ƙarshen dai akwai tsanani, domin niƙe yaran aka yi agwagi suka cinye, don haka na tsallake wa ƙanana wannan shafi.

Inda na yi takaici shi ne bugun. Takardar ba ta da kauri, tawada ta yi yawa, har siraran layukan da masassaƙin ya sha wahala a kansu suka haɗe suka zama baƙin tabo a shafuka da dama. Bangon ma kwana uku ya yi ya ɓalle, sai da na ɗinke shi da zare. Duk mai niyyar saye ya fara buɗe shafin kajin, in gashinsu bai fito ɗaya bayan ɗaya ba, ya nemi wani bugun.