Baƙar giyar Ayalan: wacce za ka saya idan ta Dublin ta yi maka lami

Wanda harshensa ya saba da Guinness ta Najeriya, ranar da ya fara kurɓar ta famfo a mashayar Dublin sai ya ji kamar an tsarma ta da ruwa. Da dalili. Tamu, wadda ake dafawa a Ikeja tun farkon shekarun 1960, barasarta ta kai kashi 7.5 cikin ɗari, ga dawa a ciki. Ta famfon Dublin kashi 4.2 ce, kumfa mai laushi, ɗaci kaɗan. To idan kai mai sha ne kuma kana neman mai nauyi, wajen ƙananan masu dafawa za ka nufa. Sun yawaita bayan 2005, lokacin da gwamnatin Ayalan ta rage musu rabin harajin barasa.

Ni dai Leann Folláin zan ce ka saya, ta gidan O'Hara's da aka kafa a gundumar Carlow a 1996. Kashi 6 ce. Zuba ta a kofi ka ɗaga wa haske: baƙa wuluk, kumfarta ruwan ƙasa, ba fara sol ba. Ƙanshin gasasshen sha'ir ne zai fara tarbar ka, sannan ɗanɗanon gahawa da cakulan mai ɗaci, kuma ɗacin yakan daɗe a maƙogwaro. Kada ka sha ta da sanyin ƙanƙara. Fito da ita daga firji ka bar ta ta ɗan huce, a nan zaƙin tsiron sha'ir yake bayyana. Da gasasshen nama mai yaji ba ta da na biyu, kuma ana samun ta a kwalba a manyan kantuna ba sai ka yi yawo ba.

Plain Porter ta gidan Porterhouse tana da kyau, ta ci lambar zinare a gasar duniya, amma ba ta da wannan nauyin. Oyster Stout ɗinsu da kawa ta teku ake dafa ta, mai ƙyamar abincin teku ya kiyaye. Murphy's da Beamish na Cork masu sauƙin sha ne, sai dai duk babban kamfanin nan Heineken ne ke da su. Of Foam and Fury ta Galway Bay, wadda ƙungiyar masu shan giya ta Beoir ta zaɓa gwarzuwar 2014, ba baƙa ba ce, kuma kashi 8.5 ba abin wasa ba ne.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne wajen famfo. Na taɓa biyan ƙarin kuɗi a wata mashaya saboda an maƙala wa famfo sunan ƙauye da hoton gona, aka ce mini ta gida ce. Da na matsa da tambayar inda ake dafa ta, mai zubawa ya yi ta kame-kame. Har yau abin yana ci mini rai, don masu dafawar gaskiya ake cuta, mutanen da suka zuba duk abin hannunsu a tukwane. Kuma ba ni kaɗai ba ne: a 2016 Heineken ta Ayalan ta amsa cewa an sayar da wasu kayanta a mashaya da sunayen da ba nasu ba. Wasu kuma ba ƙarya suka yi ba, mallaka ce ta sauya. Franciscan Well ta Cork ta koma hannun babban kamfanin giya Molson Coors a 2013, Hop House 13 kuwa ta Guinness ce tun asali.

Saboda haka juya kwalbar ka karanta bayanta. Nemi sunan gidan da ya dafa da garin da yake, ka duba ko akwai tambarin ƙungiyar masu dafawa masu zaman kansu. Duba kwanan wata ma, musamman a gwangwanin IPA, wato nau'in giyar nan mai ɗaci da ƙanshi sosai wadda ba baƙa ba, don ƙanshinta yana gudu cikin 'yan watanni alhali farashi bai sauka ba. Idan mai zubawa ya kasa faɗa maka wa ya dafa, ka nemi wata.