Zaɓen Bututun Gyaran Kwanso Ga Mai Sake Ɗura Harsashin Bindigar Farauta

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson tagulla bayan an harba shi. Sukan mayar da shi daidai girmansa ta hanyar matsa shi cikin wani bututun ƙarfe da ake ɗaurawa a kan injin matsi, kuma kowane nau'in harsashi da bututunsa, na .308 Winchester ba ya aiki a kan .30-06 Springfield. Dokar makamai ta Najeriya ta hana yin wannan aiki a gida, don haka bayanin ya shafi wanda ke zaune inda aka halatta shi ne.

Abin farko da mai saye zai duba shi ne irin bindigarsa, domin ita ce ke yanke hukunci kafin sunan kamfani. Kwanso mai wuya da kafaɗa yana buƙatar bututu biyu, ɗaya na matse kwanso tare da cire tsohuwar hular kunna wuta, ɗaya kuma na zaunar da ƙwayar harsashi. Miƙaƙƙen kwanso irin na .45-70 yana buƙatar na uku mai buɗa baki kaɗan.

Inda aka fi yin muhawara shi ne tsakanin bututun da ke matse kwanso gaba ɗaya da wanda ke matse wuya kaɗai. Shekaru da yawa ana cewa matse wuya kaɗai ya fi ba da saiti kuma yana tsawaita ran kwanso, amma duk wanda ya jarraba ya san cewa bayan harbi kaɗan kafaɗar kwanson takan matso gaba har sakatar bindiga ta fara yin tauri wajen rufewa, abin da ba wanda yake so ya gamu da shi a daji barewa na tsaye a gabansa. Shi ya sa yawancin masu gasa a yau suka koma matse kwanso gaba ɗaya, suna saita bututun yadda zai tura kafaɗar baya da kimanin inci 0.002 kawai. A ganina wannan shi ne abin da ya dace mai farawa ya saya. Bindigar da ke ɗura kanta kuwa ba ta da wani zaɓi sai wannan, wani lokaci ma sai an nemi mai ƙaramin gindi wanda ke ƙara matse ƙasan kwanso.

Ta fuskar kamfanoni, Lee Precision da ke jihar Wisconsin shi ne mafi araha, kuma akwatinsa yakan zo da mariƙin kwanso, wanda sauran kamfanoni ke sayarwa dabam. RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943 a California, da Hornady na jihar Nebraska suna tsaka-tsaki a farashi, kuma zoben kulle na Hornady, mai tsaga da ƙusa a gefe, yana riƙe saiti ba tare da ya ɓata haƙoran murɗin bututun ba. Redding na New York da Forster na Illinois sun fi tsada. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne kusan dukkansu murɗinsu ɗaya ne, wato 7/8-14, saboda haka ana iya haɗa na wannan kamfani da injin wancan.

Idan akwai rarar kuɗi, gara a zuba su a kan bututun zaunar da ƙwaya. Na Forster da na gasa da Redding ke yi suna da wata riga a ciki da ke riƙe kwanso da ƙwaya a miƙe kafin a matsa, wasunsu kuma suna da ma'auni a kai wanda ke nuna zurfin zama daki-daki, yadda mutum zai rubuta lambar ya dawo gare ta bayan watanni. Redding Type S kuwa, bututun matse kwanso mai ƙaramin zobe da ake canzawa a wuya, yana ba da damar sarrafa ƙarfin riƙon ƙwaya, amma sai an auna wuyan harsashi an sayi zoben dabam, kuma mafarauci mai harbi a tazarar mita 150 da wuya ya ga bambanci. Mai bindigar .30-30 da ke jera harsasai a bututu ƙarƙashin bakinta shi ne ke da ainihin buƙatar abin matse bakin kwanso a jikin ƙwaya, irin Factory Crimp na Lee, don kada ƙwaya ta nutse cikin kwanso.

Kowanne aka saya, kwanso mai wuya ba ya shiga bututun matsewa gaba ɗaya sai an shafa masa mai, in ba haka ba zai maƙale har sai an huda gindinsa an janyo shi, don haka a sa man shafawa da littafin ma'aunin ɗuri na amintaccen kamfani cikin lissafin kuɗi tun ranar farko.